A Sa Shi a Inuwa

Abu biyu Malam Garzali yake taƙama da su a ƙaramar sakandaren da ke bakin hanyar Utai, a nan Wudil. Na farko wani jan usur ne mai koɗaɗɗiyar igiya, wanda ko sallar Azahar za shi sai dai ya tura shi cikin riga, ba dai ya cire ba. Na biyu kuwa Ja'e.

Ja'e ɗan Fulani ne mai shekara goma sha biyu, siriri, dogayen ƙafafu, daga wata ruga a bayan Utai. Garzali ne ya kawo shi makarantar, kuma ba a yi mutumin da ya zauna da Garzali minti goma bai sha labarin ba. Wata Juma'a ce a kara, kasuwar shanu, wani maraƙi ya tsinke igiya ya nufi titi, yaron nan ya rufa masa baya ya damƙe shi kafin ya kai kwalta. Garzali malamin wasanni ne, shekara tara yana kai yara gasar gudu ta makarantun ƙaramar hukuma yana dawowa da na huɗu ko na biyar, don haka ko tsayawa duba yaron bai yi ba, uban ya shiga nema. Aka nuna masa Malam Haro, wani dattijo marar yawan magana. Yaron ya gama firamaren makiyaya yana zaune. Juma'a uku Garzali yana bin Malam Haro da wa'azin amfanin boko, a ta huɗu dattijon ya zo da yaron, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ɗan fari ne, ba ya kama sunansa.

"To, Malam, ga shi nan," ya ce. "A sa shi a inuwa."

Wannan magana ta yi wa Garzali daɗi ƙwarai. Ya kai ta ofishin malamai yana juya ta kamar sabuwar hula. "Kun ji hikimar mutanen daji? Inuwar ilimi fa yake nufi! Mu nan sai mu cika takarda biyu ba mu faɗi haka ba." Malamai suka gyaɗa kai, wasu don sun yarda, wasu don ya bar su su ci gyaɗarsu.

Garzali ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Matsalarsa ita ce ya gama sanin kowa tun kafin ya gan shi. A wurinsa kowace ƙabila da irin jikinta. Bahaushen ƙauye ƙarfi gare shi amma ba sauri. Bafulatani kuwa huhunsa na daji ne, nono da tafiya sun gina shi, bai san gajiya ba. Su ciwon asma da fuka, wannan na 'ya'yan ma'aikata ne, waɗanda suka tashi a ƙarƙashin fanka. Kuma yana da shaidarsa a aji ɗaya da Ja'e: Mubarak, ɗan wani ma'aikacin laburaren jami'a, yaro mai kumatu da ya zo da takardar likita da wani shuɗin abin shaƙa a aljihu. Garzali ya raɗa masa suna Alhaji Numfashi. Duk ranar motsa jiki sai ya ce, "Alhaji, a tafi ofis," yara su kwashe da dariya, Mubarak ya je gindin darbejiya ya zauna gadin takalma.

Ja'e bai ba shi kunya ba. Mita ɗari, mita ɗari biyu, kafin sauran su daidaita ƙafa ya isa. Sai dai tun zangon farko akwai wani abu da yake ɓata wa Garzali rai. In an gama gudu yara sun yi layi, ya fara jawabinsa, sai ya ji wani siririn fito daga layin baya. Ba mai ƙarfi ba ne, fiii, ya ɗauke, fiii, ya ɗauke. Garzali kuwa kakarsa ce ta raine shi, tsohuwar da take jifa da maficin hannunta in ta ji yaro yana fito, ta ce kiran aljanu ne kuma rashin kunya ne. Bayan haka ya san su wa suke fito a ƙasar nan, kuma ya san abin da suke yi wa. Shanu ake yi wa fito.

Da farko ya kau da kai, don ba a son faɗa da wanda zai ciyo kofi. Amma ranar da ya ji wasu yara suna ƙumshe dariya, sai ya tsaya cak.

"Wane ne yake min fito?"

Aka yi tsit, ban da fiton. Ya ratsa layi har baya. Ja'e yana duƙe, hannuwansa a gwiwa, bakinsa a ɗan buɗe.

"Kai ne? Ni ka mayar saniyar ubanka?"

Yaron bai ɗago ba. A gidansu ba a kallon babba a ido, ba a musa masa, kuma namiji ba ya cewa wani wuri yana masa ciwo. Garzali ya san duk wannan, har yabonsa yake yi a ofis, amma ran nan sai ya karanta shi a matsayin taurin kai.

"Zagaye ɗaya. Wuce!"

Ja'e ya zagaya filin ya dawo, fiton ya ƙaru. Garzali ya ce a ransa, lallai yaron nan kansa ya fara girma. Daga gindin darbejiya Mubarak ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah..." Garzali ya juya ya ce, "Alhaji, da 'yan wasa nake magana. Ka kula da takalma." Hannun ya sauka.

Haka aka yi ta yi har zango na biyu. Wani makon zagaye ɗaya, wani makon biyu. Wani lokaci fiton yakan ɓace kwana da kwanaki, Garzali ya ce horo ya yi aiki. Sai ya dawo.

Ranar wata Laraba, saura kwana tara gasa, Garzali ya gwada Ja'e a mita ɗari huɗu. Yaron ya yi gudun da agogon wayar Garzali bai taɓa gani ba. Shugaban makaranta ma ya fito baranda yana tafi. Garzali ya tara yara, ƙirjinsa a buɗe, ya fara bayanin yadda za su shiga filin gasa a jere. Yana cikin ba da labarin shekarar da shi kansa ya kusa zuwa Kano wakiltar Wudil, sai fiton ya taso, wannan karon har da wani ƙugi a ƙarƙashinsa. A gaban shugaban makaranta! Kunnuwan Garzali suka yi zafi.

"Ja'e! Yau za ka san ni ba sa'anka ba ne. Zagaye biyar!"

Ya busa usur. Yaron ya miƙe ya kama gudu. Zagayen farko ya yi shi da sauri, na biyu kafaɗunsa suka fara hawa suna sauka. A na uku, daidai turken ragar ƙwallo na can nesa, sai ya rage gudu, ya dafa turken, ya sulale ya durƙusa.

"Tashi! Wasan kwaikwayo ba ya ci na!"

Kafin ya sake busa usur sai ya ga Mubarak ya bar takalma ya sheƙa a guje ya ratsa tsakiyar fili. Tun da yaron ya zo makarantar Garzali bai taɓa ganin gudunsa ba. Wannan ne ya sa shi ma ya bi.

Ja'e yana zaune ya jingina da turke, wuyansa a miƙe, ramin maƙogwaronsa yana lotsawa duk jan numfashi. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Bakinsa a wangame yake, ba yadda za a yi mutum ya yi fito da baki a haka, amma ga fiton nan yana fita, fiii, fiii, daga can cikin ƙirji.

"Malam, ba fito ba ne," Mubarak ya ce, shi ma yana haki. "Ƙirjinsa ne. Irin nawa ne. Tun tuni na so in faɗa maka."

Ya girgiza shuɗin abin nan, ya sa wa Ja'e a baki, yana ce masa, "Ja a hankali, riƙe, riƙe, to saki." Garzali yana tsaye a kansu da usur a hannu, babba guda, malami mai shekara tara a aiki, bai san ko ta wane gefe ake riƙe abin ba.

Shi ya goya Ja'e a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi, wani malami ya zauna a baya ya tallafe shi. Ma'aikaciyar jinyar da suka tarar, Sista Safara'u, mace ce gajera mai saurin hannu. Ta zaunar da yaron, ta rufe masa hanci da baki da wata roba mai fitar da tururin magani, ta tsaya a kansa sai da kafaɗunsa suka sauka. Sannan ta ɗauko kati ta dubi Garzali.

"Kai ne mahaifinsa?"

"Malaminsa ne."

"Tun yaushe yake wannan numfashin in ya yi gudu?"

Garzali ya so ya ce yau ne farko. Ƙaryar ta zo har bakinsa, amma yaron yana kallonsa ta saman robar.

"Tun zangon farko."

"Wata biyar ke nan. To in ya fara, me kuke yi masa?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙara masa zagaye nake yi."

Biron Sista Safara'u ya tsaya. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ta yi.

"Na ɗauka fito yake min," ya ce. "Kuma na ga ɗan Fulani ne, su ai ba sa..."

"Ba sa me, Malam? Ba sa numfashi?" Ta ajiye biron. "A kan bencin nan na ga ɗan Bafulatani, na ga ɗan Bahaushe, na ga ɗan Babarbare, na ga ɗan malamin jami'a. Wani yaron lafiyarsa ƙalau sai ya yi gudu, hanyoyin iskar ƙirjinsa su tsuke, yawanci ma bayan ya tsaya. Ƙarar da kake ji iska ce take neman hanya. Kuma ba hana shi wasa za a yi ba. In likita ya duba shi, ya shaƙi magani kafin ya fara, ya ɗumama jiki a hankali, zai yi gudunsa. Amma a sa shi gudu yana cikin wannan hali, wallahi Allah ne ya tsare."

Da la'asar gwaggon Ja'e, wadda take kawo nono kasuwa, ta zo ta tafi da shi ruga. Alhamis bai zo makaranta ba, Juma'a ma haka. Garzali bai leƙa kara ba ranar, karo na farko cikin shekaru, don tsoron haɗuwa da Malam Haro a cikin mutane. A ofis ba wanda ya tayar da zancen, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Gasar ta fita daga ransa gaba ɗaya. Abin da yake ci masa rai shi ne bencin yaron da ke nan ba kowa. Shi ya roƙo shi daga hannun ubansa, in yaron ya bar karatu daga nan, shi ne sila.

Ranar Asabar da hantsi ya karɓi maganin shaƙar da aka rubuta wa Ja'e, ya hau babur ya bi hanyar Utai. An daɗe da girbe dawa a gonaki, hanya duk yashi. Tun daga Wudil yake shirya abin da zai faɗa, yana isa rugar komai ya zube.

Malam Haro ya taso da kansa ya tarye shi, ya shimfiɗa masa tabarma a gindin wata tsamiya. Aka gaisa, aka sake gaisawa: gajiya, iyali, makaranta, shanu, sanyin bana. Aka kawo fura da nono a sabuwar ƙwarya, da ludayi mai zane. Garzali ya kai ludayi ɗaya baki.

"Mun gode, Malam," in ji Malam Haro. "An ce kai ka ɗauke shi a mashin ɗinka har asibiti. Allah ya saka."

"Me ya ce muku ya faru?"

"Ya ce suna wasa ne abin ya taso."

Wato yaron bai faɗa ba. Ƙofa a buɗe take, Garzali yana iya shan furarsa ya ajiye magani ya tafi da mutuncinsa. Ya dubi ƙwaryar, ya ajiye ludayin.

"Baffa, ba wasa suke ba. Ni na sa shi. Horo na ba shi."

Ya faɗi komai, tun daga fiton farko har turken raga, har da maganar saniyar ubanka, wadda ta fi kowacce wuyar fita a gaban mai saniyar. Malam Haro yana sauraro yana zane a ƙasa da tsinke. Da Garzali ya gama, dattijon ya ajiye tsinken.

"Fiton nan mun san shi," ya ce. "Tun yana shekara shida. In ya bi shanu da gudu sai ya zo ya kwanta yana yinsa, uwarsa ta zauna a kansa tana kuka. Ranar da ka gan shi a kara ya kamo maraƙin nan, ka san inda ya ƙare? Bayan wata motar shanu. Har aka yi sallar Juma'a aka idar bai iya tashi ba. Kai kana can kana nemana."

Dattijon ya ci gaba.

"Ƙannensa biyu suna daji da shanu yanzu haka. Shi ba zai iya ba. Da ka zo kana maganar makaranta, na ce to, ga wurin da yaro zai zauna a kan benci, ba rana, ba gudu. Shi ya sa na ba ka shi, Malam. Ai na faɗa maka."

"Ka faɗa min?"

"Na ce a sa shi a inuwa."

Garzali ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Wata biyar yana yawo da maganar nan ofis-ofis yana fassara ta, yana cewa wa'azinsa ne ya ratsa dattijo. Ashe inuwa dai ake nufi, irin wadda suke zaune a cikinta yanzu, irin ta gindin darbejiyar da ya tura Mubarak don ya wulaƙanta shi.

"Ban gane ba, Baffa. Wallahi ban gane ba. Me ya sa ba ka ce min ba shi da lafiya ba?"

Yana faɗa ya yi da-na-sani. Malam Haro ya ɗago ya dube shi, karo na farko tun da suka san juna.

"A tsakiyar kara? In tsaya gaban mutane in ce nawa ba ya iya bin saniya?" Ya mayar da kansa ƙasa. "Na ga kai malami ne. Na ce rabin magana ya ishe ka."

Garzali ya ciro maganin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya yi bayanin yadda ake shaƙa, kamar yadda Mubarak ya koya masa jiya a bayan aji. Sannan ya tattara ɗan abin da ya rage masa na ƙarfin hali ya tambaya ko yaron zai dawo.

"Uwarsa ta ce a'a," in ji Malam Haro. "Shi kuma tun shekaranjiya littafinsa yake buɗewa. Litinin zai zo. Amma yau zan faɗa da Hausar da za ka ji. Kada ya ƙara gudu. Ko na wasa, ko na horo, ko na kofi."

Maganar Sista Safara'u tana bakin Garzali: da magani zai iya, ba a hana shi wasa. Gaskiya ce, kuma ya san yaron yana son gudun nan, ya sha ganin fuskarsa in ya tsallake layin ƙarshe. Da wani malamin ne, da zai iya faɗa a saurare shi. Shi kam ya riga ya zubar da bakin da zai faɗe ta da shi.

"Na ji, Baffa," ya ce.

Da zai tafi, Malam Haro ya yi kira cikin Fulatanci, Ja'e ya fito daga wata bukka, ya durƙusa ya gaishe shi. Aka ce ya raka malaminsa bakin hanya. Garzali bai tayar da babur ba, turawa ya yi cikin yashi, yaron yana gefensa. Suna tafe a hankali, shi kuwa kunnensa yana kan ƙirjin yaron. Ba fito, numfashi ne kawai yake shiga yana fita.

A bakin hanya ya tsaya. Ya shirya ba shi haƙuri tun daga tsamiya, yana neman ta inda babba yake fara ba yaro haƙuri, sai Ja'e ya riga shi, idonsa a kan tayar babur.

"Malam."

"Na'am, Ja'e."

"Uku na yi. Saura biyu." "Baffa ya ce ban da gudu. In na zo Litinin, ko zan iya cika su da tafiya?"

Garzali ya kai hannu ƙirji, ya ji tudun usur ɗin nan a ƙarƙashin riga, ashe har nan ya zo da shi. Yaron yana tsaye a rana yana jiran amsa.